Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Haɗin Gwiwa ta Haraji, a kan tono harajin da aka riga aka rufe

Ranka ya daɗe Shugaba, da ku shugabannin hukumomin haraji na jihohi da ke zama teburi ɗaya da shi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan kuna lafiya.

Sana'ata rubuta wa 'yan kasuwa lissafi. Ni ba babban akanta ba ne mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki. Teburi ɗaya gare ni da kujera biyu a wani lungun kasuwa, sai kabad ɗin katako cike da litattafan mutane. Shekara da shekaru ni ke cika musu takardun haraji kafin watan Maris ya ƙare, in raka su ofis, mu biya, mu karɓo rasit. Shi ya sa duk ranar da takarda mai tambarin gwamnati ta sauka a wani shago, kafin mai shagon ya gama jujjuya ta an riga an turo mini yaro.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumin 2026, yaron da ya zo na kawuna ne. Kawu hatsi yake saye da sayarwa, masara da dawa da gero, kuma yana yi wa baƙi dillanci. Na same shi zaune a kan buhu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, takardar na hannunsa a juye, don shi allo ya yi, bai yi boko ba. Shafi ɗaya ce da Turanci. Cewa ta yi an sake duba harajinsa daga 2016 zuwa 2023, an ga bai biya abin da ya kamata ba, ga jimla ɗaya ta miliyoyin naira har da tara da kuɗin ruwa, ya biya cikin 'yan kwanaki ko a garƙame masa shago. Ba a raba kuɗin shekara-shekara ba, ba a faɗi abin da aka gano ba, ba a ambaci ko sashe ɗaya na doka ba. Balle a gaya masa yana da damar cewa bai yarda ba.

Ya ce, "Kai ɗan nan, ba kai ke kai musu kuɗin nan duk shekara ba?" Na ce, "Ni ne, Kawu." Sai ya sa aka jawo wani tsohon gwangwanin madara daga bayan buhuna, ya buɗe. Rasitai ne a nannaɗe da roba, wasu har tawadar ta koɗe, da takardun shaidar biyan haraji guda uku a ninke cikin leda. Ya baje su a kan tabarma ya ce, "To waɗannan fa? Na wasa ne?"

Wannan tambayar ce na kawo gabanku. Ba zan ambaci jiha ko ofishi ba, domin ba ƙarar kowa na kawo ba, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: abokan sana'ata a wasu jihohin sun ga takarda mai kama da wannan. Ku na nufa saboda ku ne doka ta ɗora wa daidaita yadda ake tafiyar da haraji tsakanin tarayya da jihohi, tun kuna Hukumar JTB har zuwa yanzu da kuka koma JRB a ƙarƙashin dokokin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

Amsar da na ba Kawu ba ta yi masa daɗi ba, amma gaskiya ce: rasitansa ba na wasa ba ne, sai dai kuma ba garkuwa ba ne. Doka ta ba hukumar haraji damar komawa baya. Sashe na 55 na Dokar Harajin Kuɗin Shigar Mutane, tsohuwar dokar da muka yi aiki da ita tun 1993 da gyare-gyarenta har ƙarshen 2025, ya ce idan hukuma ta gano, ko ta ga cewa ba a yanka wa mutum haraji ba, ko an yanka masa ƙasa da abin da ya dace, tana iya sake yanka masa ƙari, kuma ba sau ɗaya kaɗai ba. Kamfanoni ma akwai irin wannan a sashe na 66 na tasu tsohuwar dokar. Takardar shaidar biyan haraji, wadda 'yan kasuwa ke riƙewa kamar laya, shaida ce kawai cewa an biya abin da aka yanka a shekaru uku da suka gabata. Ba alkawari ba ce cewa ba za a ƙara waiwayowa ba. Ina gaya wa mutanena wannan a fili, kuma ban ga aibin ƙa'idar ba. Gwamnatin da ba ta iya komawa ta kama wanda ya ɓoye mata dukiya, talaka mai albashi kaɗai za ta riƙa tatsa, don shi tun daga tushe ake zare nasa.

Amma ƙofar nan da doka ta buɗe tana da sakata, kuma sakatun ne ake yi kamar ba a gani ba.

Ta farko lokaci. Sashen da ya ba da damar, shi ya iyakance ta: cikin shekarar harajin, ko cikin shekara 6 bayan ƙarewarta. Ke nan shekarar haraji ta 2019 ƙofarta ta rufe ranar 31 ga Disambar 2025. Ta 2016 kuwa tun ƙarshen 2022 ta rufe. Takardar da aka kawo wa Kawu a farkon 2026 ta haɗa da shekaru huɗu da wa'adinsu ya wuce, aka cusa su cikin jimla ɗaya da waɗanda suke da sauran rai, yadda wanda bai san ƙirgar ba ba zai taɓa rarrabewa ba. Sabuwar Dokar Gudanar da Haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ita ma ta riƙe shekara shidan, ba ta share ta ba. Gwamnatin tarayya da kanta ta girmama wannan adadi a shirin VAIDS na 2017, lokacin da ta ce kowa ya fito ya faɗi abin da ya ɓoye a yafe masa tara: shekarun 2011 zuwa 2016 ta nema, shida cif.

Akwai wani abu da ko wasu jami'an ke ruɗewa a kai, bari in tsaya a kansa kaɗan. Ɗan kasuwa ba kamar ma'aikaci ba ne. A tsohuwar doka, ribar da ya ci bara ita ake yanka wa haraji bana. Cinikin 2018 shi ne harajin 2019. Don haka littafin cinikin 2018 yana da amfani har ƙarshen 2025, shekara bakwai ke nan a aikace. Idan takarda ta ce "2019" kawai, wanne take nufi, shekarar ciniki ko shekarar haraji? Na sha zama da jami'i muna gardama rabin awa kafin mu gane kowa da shekarar da yake magana a kai.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: ai doka ta ce idan akwai zamba, ko ƙin biya da gangan, ko sakaci, babu wa'adi. Haka ne, tana nan a ƙarshen sashe na 55. Amma a karanta ta har ƙarshe. Cewa ta yi a yanka abin da zai maye gurbin harajin da aka yi asara saboda wannan zambar ko sakacin. Ke nan sai an nuna zambar, an nuna asarar, an nuna igiyar da ta haɗa su. Ba kalmar tsafi ba ce da jami'i zai furta duk ƙofofi su buɗe. Kuma nauyin kawo hujja a kan wanda ya yi zargi yake. A 2019 Kotun Ƙararrakin Haraji da ke zama a Enugu ta yanke hukunci a shari'ar bankin Polaris da hukumar harajin jihar Abiya, ta ƙi yarda da shekarun da suka haura shida saboda hukumar ba ta tabbatar da zamba ko ganganci ko sakaci ba. Zamba laifi ce, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce wanda ya jingina wa wani laifi, ko a shari'ar da ba ta laifi ba ce, sai ya tabbatar da shi yadda babu sauran shakka. Banki yana da lauyoyin da za su tsaya masa har a kai ga wannan hukunci. Kawuna gwangwanin madara gare shi da ni.

Sabuwar dokar ta ma ƙara ƙuntata hanyar. Abin da ta ambata shi ne faɗin ƙarya da gangan. Wannan gyara ne mai kyau, domin kalmar "sakaci" ita ce jakar da ake zuba komai a ciki: ka makara da mako biyu sakaci ne, ka manta rasit ɗaya sakaci ne. Sai dai ta zo da wata kafa da nake jin tsoro. Ta ce binciken da aka fara kafin shekara shida ta cika ana iya ƙarasa shi bayan ta cika. A takarda babu laifi. A kasuwa kuwa ga yadda za ta kasance: a watan Disambar shekara ta shida a aiko wa mutum layi biyu cewa "mun fara bincike", a jefa fayil ɗin cikin kabad, a dawo bayan shekara huɗu a ce ai tun tuni aka fara. Idan ba ku fito kun faɗi abin da ake kira fara bincike ba, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin a ce ya mutu, to wa'adin shekara shida ya zama ado. Haka kuma ku faɗa baro-baro, a rubuce, cewa shekarun da suka gabaci 2026 da ma'aunin zamaninsu za a auna su, don kada jami'i ya riƙa tsintar abin da ya yi masa daɗi daga tsohuwar doka da sabuwa, ya bar abin da ke kare mai biya a cikin kowacce.

Yanzu ga inda na fi son ku saurare ni, wato mene ne "ganowa".

Da na je ofis na nemi a nuna mini abin da aka gano a kan Kawu, sai wani matashin jami'i, mai ladabi ƙwarai, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Bayanan asusun banki ne. An tara duk kuɗin da ya shiga, an kira shi kuɗin shiga. Shi ke nan binciken.

Ranka ya daɗe, wanda ya taɓa yini ɗaya a Dawanau ko wata kasuwar hatsi ya san kuɗin da ke ratsa asusun dillali ba nasa ba ne. Baƙo daga Legas ko Onicha zai turo kuɗin tirela guda na masara. Kafin la'asar an raba su: manoma, masu auna, 'yan dako, mai buhu, direba. Abin da ya rage wa dillali la'adarsa ce a kan kowane buhu. A cikin asusun nan dai ake zuba adashin 'yan layi, da ajiyar wata gwauruwa da ba ta da asusu, da kuɗin kujerar hajjin wani ɗan'uwa na ƙauye, da gudummawar ginin masallaci. Ga kuma abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane. Cinikin da da ake yi hannu da hannu, dole ya koma tiransifa da POS. Duk wanda ya dubi asusun ɗan kasuwa na wannan shekarar zai ga kuɗi sun yi tsalle, ya ɗauka arziki ne ya sauko, alhali a watannin nan mutane hasara suka tafka.

Bari in buga misali da alƙalumma, da ma'aunin tsohuwar doka. A ce naira miliyan 60 ta ratsa asusun mutum a shekara, ribarsa ta gaskiya miliyan 3. Bayan an cire masa rangwamen da doka ta ba shi, wato 200,000 da kashi 20 cikin ɗari, saura miliyan 2.2. A bi matakan nan na kashi 7, 11, 15, 19 da 21, harajinsa naira 350,000 ne. Idan kuwa aka ɗauki miliyan 60 ɗin a matsayin abin da ya samu, harajin ya haura miliyan 11, kusan ninki huɗu na duk abin da ya ci a shekarar. Ko da an yi masa "sauƙi" an ce kashi 20 na kuɗin ne riba, harajin ya zarce miliyan 2, kashi biyu cikin uku na guminsa. Ninka wannan sau takwas, ka ɗora tarar kashi 10 da kuɗin ruwa, ka ga yadda ake samun jimlar da ke sa dattijo cire hula.

Ba cewa nake kada a dubi asusun banki ba. A duba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kuɗi masu yawa a asusun wanda ya ce ba ya samun komai dalili ne na a kira shi a tambaye shi. Amma dalilin tambaya daban, hujjar yanka haraji daban. Doka ta ce a yanka abin da ya kamata a ce an yanka tun farko, kuma abin da ya kamata a yanka wa haraji riba ce. Yanzu da sabuwar doka ta wajabta wa bankuna miƙa bayanan manyan hada-hada, irin wannan takarda za ta ƙaru ne, ba raguwa ba. In ba a koya wa jami'ai bambancin jari da riba da amana ba, abin da za a samu shi ne mutane su gudu daga banki su koma binne kuɗi a rumbu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sakata ta gaba ita ce ta maganar da aka riga aka kashe. A cikin shekarun da aka lissafa wa Kawu har da 2021. Wannan shekarar ina tune da ita sarai, don a lokacin an yanka masa abin da muka ga ya yi yawa, muka rubuta ba mu yarda ba, aka kira mu, muka kai litattafai, aka zauna sau biyu, aka daidaita a kan adadi, aka ba shi sabuwar takarda, ya biya. Sashe na 66 na tsohuwar Dokar Harajin Kuɗin Shigar Mutane ya ce yankan da aka daidaita a kansa, ko wanda aka yanke a ɗaukaka ƙara, ya zama na ƙarshe. Hukuma na iya ƙarin yanka a wannan shekarar idan wani sabon abu ne ya fito, misali a gano yana da gidan haya da bai faɗa ba. Abin da ba ta da hurumi a kai shi ne ta sake buɗe batun da aka warware, a kan hujjojin da aka riga aka gani. Canjin shugaba ba sabuwar hujja ba ce. Zuwan sabon kamfanin karɓar haraji na kwangila, wanda ake biya da kaso daga abin da ya tara, shi ma ba sabuwar hujja ba ce, kuma kowa ya san inda zuciyar mai cin kaso take karkata idan aka ba shi alƙalami ya yi ƙiyasi.

Da na nuna wa matashin jami'in nan takardar daidaitawar 2021, sai ya ce babu ita a fayil ɗinsu. Wannan fa? Ofis ya ɓatar da nasa kwafin, sai a ce ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin ɓatan. Mu an ce mu adana takardu shekara da shekaru, a kasuwannin da wuta da ruwa ba sa sallama. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 shaguna nawa ta lashe har da litattafansu? Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 fa? Wanda littafinsa ya ƙone ba maƙaryaci ba ne. Idan gwamnati na son ikon komawa baya shekara shida, to ta fara da iya riƙe nata takardun na shekara shida. Sa'ar Kawu ɗaya, bai yarda da kabad ba, gwangwani ya yarda da shi.

Sai maganar sanarwa, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don ita ba ta buƙatar ko sisi a gyara ta. Ƙarin yanka ma yanka ne, duk haƙƙin da mutum ke da shi a na farko yana da shi a na biyu. Yana da kwana 30 daga ranar da takarda ta same shi ya rubuta cewa bai yarda ba, ya faɗi dalili. Sabuwar doka ta ƙara wani abu da na yaba: hukuma na da kwana 90 ta ba da amsa, in ta yi shiru ƙorafin mai biya ya tabbata. In an ƙi sauraronsa yana da Kotun Ƙararrakin Haraji, daga can Babbar Kotun Tarayya a kan abin da ya shafi fassarar doka, ga kuma sabon ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji. Duk wannan yana nan a rubuce. Amma wa ya gaya wa mai hatsi? Takardar da ta ce "biya cikin kwana bakwai" ta ɓoye kwana talatin, ba mantuwa ba ce a wurina. Kwana talatin ɗin nan in suka wuce mutum bai ce uffan ba, yankan ya zauna daram ko da kuskure ne, kuma na ga waɗanda suka shafe su suna yawon neman wanda ya san wani a ofis, maimakon rubuta shafi ɗaya. Kotun shiyyarmu ta Arewa maso Yamma a Kaduna take, ta Arewa maso Gabas a Bauchi. Mutumin Argungu ko Illela da ake bi naira dubu ɗari huɗu, in ya lissafa kuɗin mota da masauki da lauya, sai ya gwammace a "sasanta" a bayan shago. Kuɗin sasantawar nan kuwa, ni da ku mun san ba baitulmali suke shiga ba.

Barazanar kwaɗo ma haka. Sashe na 104 na tsohuwar doka bai yarda a kama kayan mutum ba sai yankan ya zama na ƙarshe, kuma sai an je gaban alƙalin Babbar Kotu an yi rantsuwa an karɓo izini. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Amma a kasuwa kwaɗo ke fara zuwa, bayani ya biyo baya. Shagon hatsi da aka rufe mako guda a bakin azumi, ko an buɗe daga baya an ce a yi haƙuri, kasuwar shekara ta riga ta wuce shi.

Kada ku ce na zo kare 'yan kasuwa ido rufe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na san masu littafi biyu, ɗaya na gaskiya a gida, ɗaya na nuna wa gwamnati. Na san wanda ke juya ɗaruruwan miliyoyi ta asusun yaron shagonsa, ya zo mini da fuskar tausayi in rubuta masa ribar da ko mai shayi ya fi ta. Irin waɗannan na sha mayar musu da litattafansu in ce su nemi wani. Sashe na 24 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa faɗin abin da yake samu da gaskiya da biyan haraji a kan kari, kuma ko babu kundi, ƙarya ƙarya ce. Don irinsu aka buɗe ƙofar komawa baya, kuma in kun kama su da hujja ba za ku ji bakina ba. Abin takaicin shi ne su ba kasafai takardar ke isa gare su ba. Wanda ya shiga rajista da ƙafarsa, ya ba da adireshi na gaskiya, yake biya duk shekara, shi ne mai sauƙin samu, shi ake komawa a tatsa. Maƙwabcin Kawu da bai taɓa taka ofishin haraji ba yana zaune yana kallonmu muna baje rasitai, har da 'yar dariyarsa. Me kuke so yaran layin su koya daga wannan?

Mutanenmu suna da dogon tarihi da haraji, kuma ba mai daɗi ba. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda ake tsare mutum a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji, da yadda Fulani ke kwana da shanu a daji gudun jangali. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka ɗauke su a ka. An daɗe ana lallashin mutane kafin su yarda cewa harajin yau na doka ne, mai ƙa'ida, mai rasit. Takarda ɗaya irin ta Kawu tana rushe lallashin shekara goma a layi guda.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku fitar da samfurin takarda guda ɗaya da kowace jiha za ta yi amfani da ita idan za a sake buɗe harajin da aka rufe. Kowace shekara ta zo a layinta da kuɗinta, a rubuta abin da aka gano wanda ba a sani ba a da, da sashen dokar da aka dogara da shi, da yadda aka yi lissafin. In shekarar ta haura shida, a faɗi ƙaryar da ake zargin mutum ya yi, kuma babban jami'i ya sa hannu da sunansa, ba ɗan kwangila ba. A ƙasa, da manyan baƙaƙe, a rubuta kwana 30 ɗin da inda ake kai ƙorafi. A buga bayan takardar da Hausa, da boko da ajami, kamar yadda za a buga wa wasu da Yarbanci ko Ibo. Takardar naira ma ta daɗe tana ɗauke da ajami, ba a ce ta lalace ba. Kuma ku sa kotun haraji ta riƙa zagayawa manyan biranen shiyya ko sau ɗaya a wata uku, don wanda ba zai iya zuwa Kaduna ba.

Mu dai mun rubuta tamu takardar ƙin yarda. Shafi uku ce, na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya: huɗu wa'adinsu ya wuce, ɗaya an riga an daidaita, sauran ukun ga litattafai a zo a duba, in an sami abin da ya rage za mu biya. Ranar goma ga azumi na kai ta da kaina, na tsaya sai da aka buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafina, don an taɓa ce mini wata takardar ba ta iso ba. Kwana casa'in ɗin za su cika wajen babbar sallah. Kawu ya karɓi kwafin ya ninke shi huɗu ya tura cikin gwangwanin, kuma duk ranar kasuwa in na bi ta ƙofar shagonsa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan nan, saura kwana nawa?"

Wassalam.

Naku,
wani mai rubuta wa 'yan kasuwa lissafi.